Akwatin da Suka Binne a Gonata

Na dire akwatin ƙarfen a kan teburinta, duwatsun da take aunawa suka watse.

"Ke ce mai binciken duwatsu? Ga tsiyarku nan! Tunda kuka binne shi a gonata, kusa da dutsen nan mai aman wuta, rijiyata ta koma ruwan zafi, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Awakina uku sun mutu. Ban yi boko ba, amma wallahi sai an bi mini haƙƙina."

Ba ta yi musu ba. Ta jawo akwatin gabanta tana jujjuya shi.

"Inna, yaushe kika tono shi?"

"Sati uku ke nan. Na ɓoye shi a gidan ƙanwata can cikin gari, ƙarƙashin gado."

Ta dafe kai.

"Shi ke aiko mana da labarin motsin ƙasa daga duk inda yake. Sati uku yana nuna dutsen ya lafa. Shi ya sa na sa hannu a buɗe makarantar gindin dutsen yau."

Ni da kaina na raka jikokina huɗu har ƙofar aji da safen nan.