Manomin da Aka Kira da Sunansa

Ka ce abin da ya ruɗe ka, Malam Sallau, shi ne ka buɗe imel ka ga an kira ka da cikakken sunanka, ga kuma sunan yayanka a gurbin wanda ya aiko, shi ya sa ka danna inda aka ce ka danna, ka rubuta musu lambar sirrinka. To gyara zama in ba ka wani misali, ba don in ƙara maka ɓacin rai ba.

An yi wani manomi a wani ƙauye mai shanun huɗa biyu, fari da ja. Shi ya raine su tun suna 'yan maruƙa, ya hore su da hannunsa, har ta kai da murya kawai yake juya su in an kai ƙarshen gona. Gonar tasa babba ce, ba ta nomuwa da hannu, abincin gidan na shekara a wuyan shanun nan yake. Mahaifiyarsa kuwa, tsohuwa mai saƙar faifai, tana cikin gari wurin ƙanensa, in ka fita da safe kafin hantsi ya dubi ludayi ka isa. Ana gab da faɗuwar damina, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ga wani baƙo da wankakkiyar riga da fara'a har kunne. Tun daga nesa ya ƙwala wa manomi kira da sunansa na yanka, ya haɗa da na mahaifinsa, ya tambayi lafiyar yara. Ya zaro faifai daga jaka, saƙar tsohuwa sak, mai jan baki, ya ce ita ta ba shi ya nuna shaida. Wai cewa ta yi ya je ya gaya wa wane, nan baƙon ya sake faɗin sunan da daɗin baki, wai ƙanensa ya sami gona a fadama, a ba shi aron shanun ya yi huɗa kafin ruwa ya sauka, kuma yau ɗin nan, kada a kwana. Kan manomi ya kumbura, ka san ɗan Adam da son jin sunansa a bakin baƙo. Matarsa ta yi masa magana ƙasa-ƙasa daga bayan zana, ta ce tunda gari ba nisa, ya kora shanun da kansa, ya gaishe da Inna a tafiya ɗaya. Ya harari zanan, ya ce wane irin ɗa ne uwa za ta aiko masa ya tsaya bincike? Ya kwance shanun, ya haɗa da garma da karkiya, har rakiya ya yi wa baƙon zuwa bakin hanya yana ta sa masa albarka.

Ruwa ya sauka, maƙwabta suka yi huɗa suka shuka, shanu shiru kamar an shuka dusa. Da shirun ya yi yawa ya saɓa riga ya nufi gari, ya tarar ƙanensa babu gonar fadama babu dalilinta. Ya durƙusa gaban tsohuwa, ya ajiye faifan, ya maimaita mata saƙon yadda aka faɗa masa, har da inda aka ce ta ambaci sunansa. Ta ɗauki faifan ta juya, ta ce saƙarta ce kam, amma irinsa kowace kasuwa sai ta sayar, duk mai so ya ɗauka. Ƙanen ya ce suna kuma ai duk wanda ya taɓa tsayawa a kara, inda ake cinikin shanu, ya ji dillalai suna ƙwala shi. Tsohuwa ta ɗago ta dubi manomin.

"Kai ne ɗan farina," in ji ta. "Tun ranar da aka raɗa maka sunan nan, ka taɓa jin sa a bakina?"

Bai taɓa ji ba. "Wannan yaron" take ce masa har ya yi furfura, don kunyar ɗan fari. Ashe abin da ya kamata ya tsayar da shi tun a ƙofar gida, shi ne ya fi faranta masa rai. Shekarar nan da fartanya ya yi noma, ciyawa ta cinye rabin gonar, rumbu bai kai su bazara ba. Duk da haka yakan ce rashin shanun bai ci masa rai kamar kallon da tsohuwa ta yi masa ba. Abin tausayi, baƙo ya san sunansa, shi kuwa bai gane maganar da ba ta mahaifiyarsa ba ce.

Haka masu irin saƙon nan suke, Malam Sallau. Sunanka a hanya suke tsintarsa, sunan mai aikowa kuma rubuta shi suke yi da hannunsu. Ka riƙa duba adireshin da ke ƙarƙashin sunan, ka kuma saurari maganar, ka ji ko haka mutuminka yake yi maka magana. Duk saƙon da ke cewa maza-maza kada a kwana, ka ɗaga waya ka tambayi mai sunan, ba raini ba ne. Wanda ka gane na bogi ne kada ka amsa, ka toshe shi. Yau kuwa ka je ka sauya lambar nan, in ba su riga ka ba. Na so a ce kafin ka danna ka zo muka yi wannan zama, don tun ba yau ba Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.