Daga Yamai zuwa Jidda kafin la'asar

Shekarar da soja suka karɓi mulki, gero ya ƙone a gonakin Kanan-Bakashe tun bai fid da kai ba. Wata rana na taso daga lakwal, makarantar boko, na iske Kaka tana bakacen dusar da za mu ci. Tana budurwa ta je Makka a ƙasa, shekara uku suna tafe.

Na ce, "Kaka, mushe, malaminmu, ya ce in jirgi ya tashi Yamai da asuba, kafin la'asar ya sauka Jidda."

Ta aje faifai. "La'asar ta ranar?"

"Ta ranar."

Na ɗauka za ta ƙaryata ni. Sai ta shiga ba ni labarin wata mata a ƙasar Sudan, ba ta jin Hausa, amma ta yi jinyar Kaka wata biyu a gidanta.

Ta ɗaga kai sama ta ce, "To su na cikin jirgin, gidan wa suke yada zango? Wa zai san sun wuce?"

Bara na yi tafiyar Makka a jirgi, aka ba ni kujerar taga. Na leƙa ƙasa har wuyana ya ƙage, ban hangi ƙofar kowa ba.