Malam Shiru

Ku matso nan. Kai Babba, ajiye wayar nan. Maganar karatun Auta ce, kuma ba na so ta shigo ta same mu a kai.

A makarantar likitanci ba a barin ɗalibi da littafi kawai. Gawa ake ba su a kan tebur, su yanka su gani da idonsu. Dokar ɗakin ita ce a naɗe kan da ƙyalle, ba a buɗe fuska sai darasin ƙarshe, don kada yara su tsorata.

Su Auta suka sa wa tasu gawar suna Malam Shiru, wai shi kaɗai ne malamin da bai taɓa korarsu daga aji ba. Yarinyar da bakinta ya mutu tun da ruɗewar tsufa ta fitar da babanku bai dawo ba, sai ga ta da surutu a kan abinci. Kullum ta dawo da warin magani a gashinta da sabon labari.

"Umma, yau na riƙe zuciyarsa. Ta fi taki laushi."

"Ci abincinki, 'yar mahauta."

Da suka kai ƙirji, ta ce haƙarƙarinsa uku sun taɓa karyewa, sun haɗe a karkace. Da suka kai ciki, ta ce ƙodarsa ɗaya ce, an cire ɗayar da daɗewa. Malaminsu ya tara ajin, kowa ya sa yatsa ya ji wurin.

Na ce, "Wacce ce babu?"

"Ta hagu. Ke ma likitar za ki zama?"

Na ƙarasa wanke kwanukana.

Washegari na je makarantar. Mai kula da ɗakin ya ce waɗanda aka tsinta ba a zo nema ba, su ake kawo musu. Na ce ya ɗaga mini ƙyallen fuskar Malam Shiru. Ya ƙi, na zauna a ƙofarsa har ya gaji ya ɗaga. Na duba, na mayar yadda yake, na yi masa godiya, na biya kasuwa na sayo albasa.

Jibi za su buɗe fuskar, kuma a kansa za a yi jarrabawa. In ba ta je ba, shekararta ta tafi. Ni hawaye ya ƙi zuwa, shawara ma ta ƙi. Ku ne manya, ku yanke: mu hana ta zuwa, ko a cikinku wa zai gaya mata babanta take yankawa?