Ranar da Ƙofa Ta Nemi Sunan Yanka

Shekara talatin da huɗu Inna Dela ba ta taɓa furta sunan ɗanta na fari ba. Ko da aka haɗa kayan gidajen Ringim suna magana da juna, sai ta ce wa ƙofa, "Kira min yaron nan." Ƙofa ta gaya wa fitilar titi, saƙo ya bi hanya har Fatakwal.

Yau da hantsi ƙofa ta ƙi.

"Kiran mutum da laƙabi ƙirƙirar wani kamfani ce, kotu ta tabbatar masa," in ji ƙofa. "Daga yau sai da sunan yanka."

Inna ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta Ladiyo.

"Yanzu har kunya ma da mai ita, Inna?" Ladiyo ta tambaya. "Bari in faɗa a madadinki."

"Sai da muryar Inna da kanta," in ji ƙofa.

A ɗaki kuwa mijinta Malam yana kwance, tun asuba yake cigiyar ɗansa, numfashi sama-sama.

Inna ta sallami Ladiyo, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta matsa jikin ƙofa.

"Hambali."

Ta ji ƙofa ta faɗa wa fitila da muryarta, fitila ta faɗa wa ta gaba, sunan yana tafiya layi-layi, duk unguwa na ji.

Can aka ɗauka. Muryar Hambali ta fito ta ƙofa.

"Inna," ya ce a hankali, "don Allah sake faɗa."