Goron da Baffa Dauda Ya Kai

Lukmanu ya tsaya a tsohon siton auduga na unguwar Poumpoumré, wanda Yelwa ta gada daga mahaifinta ta mayar makarantar 'yan mata. Takardar digirinsa ta Yawunde tana hannunsa.

"Malam Lukmanu," in ji Yelwa, "koyarwa ka zo nema, ko ni?"

Aiki ya roƙi baffansa Dauda mahauci ya nema masa, sai tsohon ya nufi gidan su Yelwa da ƙwaryar goro da dattawa biyu. Kawunta ya ɗauka neman aure ne, tun jiya yake faɗa wai ɗan mahauta ya raina su.

"Kuskure ne, Hajiya."

"Na sani. Aikin naka ne, ka fara ran Litinin." Ta ƙura masa ido. "Kawu ya ce a mayar da goron yau. Na ce sai na tambayi mai shi."

Lukmanu ya dubi hoton Shugaba Ahidjo a saman allo, sannan ya dube ta.

"A bar shi."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Dama na riga na ci ɗaya."