Hannun Hagu

Talata ce, rana ta ƙwalle tun da safe. Kafinta na zaune a bencin asibiti yana hararar matarsa.

Wai hannunta na hagu ke ciwo. Hannun da jiya ya ga ta ɗaga bokitin ruwa da shi, ko yamutsa fuska ba ta yi ba. Kuma ta kafe sai shi zai kawo ta, alhali ta san rabonsa da asibiti tun haihuwar autansu. Akwai wata a ƙasa, ya ce a ransa.

Ɗakin likita a sama yake. A tsakiyar matakala kafinta ya tsaya gyara takalmi. Ita ma ta tsaya tana kallonsa.

"Mama, yaushe ciwon ke tashi?" in ji likita.

"In na yi aikin ƙarfi, ɗana. Sai ya danne ƙirji, ya gangaro hannu, har muƙamuƙi. In na jingina da bango sai ya lafa."

Kafinta ya ja tsaki. Tiryan-tiryan take zubawa kamar mai hadda.

Likita ya juyo gare shi. "Baba, ba abin tsaki ba ne. Jijiyoyin zuciya da na hannun hagu ƙofa ɗaya suke shiga a lakar baya. Laka ce ke haɗa saƙon ta tura ƙwaƙwalwa. Sai zuciya ta yi kuka, a ji shi a hannu. Irin wannan yakan kayar da mutum yana tsaye a bakin aikinsa."

Aka auna ta, aka sake aunawa. Zuciyarta garau. Likita ya yi ta sosa ƙeya.

Da suka fito titi kafinta ya kasa haƙuri. "Ke, da furfurarki kike ƙarya?"

"Na yi, Baban yara," ta ce. "Ai dai ka ji da kunnenka."

Ranar bai taɓa zarto ba, abincin ma jagwalgwala shi ya yi ya ture.

Washegari da sassafe ya koma asibitin shi kaɗai. Ya zauna gaban likita, ya naɗe hannun rigarsa na hagu.

"Auna ni," ya ce. "Duk abin da ta lissafa jiya nawa ne. Na ɗauka na iya ɓoyewa."