Igiyar Shanya

Tun da hukuma ta rufe iyaka ta katse wayoyi, labarin 'yan'uwa na ƙetare ba ya isowa sai ta rediyon Malam Tanko, shi ma can ƙasa-ƙasa. Ya ce sai eriya ta ƙara tsawo, ga shi an haramta doguwar waya.

Matarsa Dije ta leƙa katangar maƙwabciya.

"Yaya Asabe, bari mu haɗa igiyar shanyarmu da taki."

Asabe ta shafa igiyar, ta ji tagulla ce. "To, ku jiyo mini labarin ɗana."

Suka ɗaura igiyoyin, suka jona da rediyon, suka baza wanki a kai don ɓad da sawu. Tanko ya murɗa rediyo, sai ga baƙuwar murya tangaram daga cikinta:

"Dije, kwashe jan zanin nan, danshinsa yana danne sauti."

Dije ta ɗaga kai, tana neman mai kallonta. Sama fayau, ko tsuntsu babu.